Almakashin Tela Ba Ya Yanke Haƙƙin Mai Saye

Kowace shekara, da zarar watan azumi ya raba tsakiya, ko kuwa Babbar Salla ta ƙarato, akwai wata hidima da kan tashi tsakanin garuruwan Kudu da birnin Bauci, wadda ba a cika lura da girmanta ba. Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, tun daga mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 har zuwa mai canji a Sabo, daga mai gadi zuwa mai tura baro, kowa yakan ƙulle abin da ya tara ya aika gida domin a yi wa iyali ɗinkin Salla. Wani kuɗi yakan aika, a shiga Kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa a yanko. Wani kuwa shi da kansa yakan shiga Balogun ko Idumota ya sayi turamen atamfa da shadda, ya ba direban babbar mota saƙo. Kuɗin nan ba tsintarsu aka yi ba. Gumin wata da watanni ne na mutumin da ya yarda ya kwana a rumfa ko a barandar masallaci, domin 'ya'yansa su fita Idi kamar 'ya'yan kowa.

Abin da kan biyo baya a gidaje da yawa kuwa ba ɓoyayye ba ne. An sayo shadda yadi goma, mai shago ya rantse ta Ostiriya ce, ga tambari nan a bakinta. An kai wa tela, ya yanka, ya ɗinka, an zuba wa rigar aiki wanda wani lokaci kuɗinsa kan kusa kamo na shaddar. Wankin farko sai launi ya zube a bokiti, sitacin da ya ba ta nauyi da ƙyalli ya bi rariya, abin da ya rage ko kama da wanda aka taya ba ya yi. Ko kuwa turmin atamfa ne da aka ce yadi shida, tela ya shimfiɗa ya auna ya tarar biyar da rabi, ko ya warware ninki ya ci karo da huda ko tabon mai a can tsakiya, inda idon mai saye ba ya kaiwa a cikin duhun shago. Sai ƙanen mai kuɗin ya naɗe kaya ya koma kasuwa. Amsar da zai samu kuwa kusan kowa ya haddace ta: "Haba Malam, ai an riga an yanka. Da ba a sa almakashi ba, da sai a duba." In ya matsa, sai a nuna masa ƙasan rasiɗi, in ma an ba shi rasiɗin, inda aka buga da Turanci cewa ba a karɓar kaya bayan an sayar. Ya ce, "Alhaji, a dubi girman Allah, kuɗin yayana ne, yana Kurmi." A ce masa, "Mu ma haka aka ba mu daga Kwari." A nan magana kan mutu. Sai a koma gida a buga wa mai kuɗi waya, a ce ya yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara.

Haƙuri hali ne na kirki, amma nan ba muhallinsa ba ne. Waɗannan amsoshi guda biyu, watau "an riga an yanka" da "an rubuta a rasiɗi", ba su da gindin zama a dokar Nijeriya, ba su kuma da shi a littattafan da malaman Bauci ke karantarwa a zaure tun zamanin Malam Yakubu. Yawan maimaita su ne kawai ya sa aka ɗauke su doka.

A fara da dokar ƙasa. A farkon shekarar 1990 da 'yan kai Gwamnatin Soja ta kafa Majalisar Kare Masu Sayen Kaya da doka ta 66 ta shekarar 1992, amma majalisar ba ta soma aiki ba sai a 1999, kuma ƙarfinta bai taka kara ya karya ba. A shekarar 2018 Majalisar Tarayya ta zartar da sabuwar doka kan gasar kasuwanci da kare haƙƙin mai saye, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019. Ita ce ta haifi hukumar da ake kira FCCPC, ta kuma jera haƙƙoƙin mai saye ɗaya bayan ɗaya. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu kyau, marasa aibi, waɗanda suka dace da abin da aka saba yi da irinsu, masu kuma jure amfani har tsawon lokacin da hankali zai karɓa. Sashe na 132 ya ce in kaya suka gaza haka, mai saye yana da wata uku daga ranar da suka shiga hannunsa ya mayar da su ga wanda ya sayar masa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa, wanda dole ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 145 kuwa ya juya nauyin hujja: in aka yi ƙorafin kaya suna da aibi, wanda ya sayar shi ne zai tabbatar da cewa lafiyarsu ƙalau. Kuma dokar ba ta tsaya ga nasiha ba, domin sashe na 155 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10, ga mutumin da ya take haƙƙin mai saye.

Ba sai an je makarantar lauyoyi ba kafin a gane abin da wannan ke nufi ga tufa. Ba a sayen shadda don a rataye ta a bango. Ana sayenta ne domin a yanka, a ɗinka, a sa, a wanke. Yadin da ba ya jure wankin farko bai dace da abin da aka saye shi dominsa ba, kuma irin wannan aibi ba ya bayyana sai bayan almakashi da sabulu sun yi aikinsu. Wanda ya ce sai dai a dawo da shi ba a yanka ba, daidai yake da mai sayar da iri da ya ce in bai tsiro ba a dawo masa da shi ba a shuka ba.

Maganar rasiɗi ma haka take. Jimlar nan da masu buga takardu kan liƙa a ƙasan kowane rasiɗi, tun daga na mai sayar da siminti har zuwa na mai sayar da leshi, in aka karanta ta da kyau sau da yawa cewa take yi kayan da aka sayar suna lafiya lau ba a mayar da su. To, ko a bisa lafazinta ba ta shafi yadin da ya zo da huda ba, tun da ba lafiya lau aka sayar da shi ba. Bayan wannan kuma sashe na 129 ya hana mai sayarwa gindaya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da doka ta ba shi. Ba mai shago ne ke rubuta wa kansa doka ba. An kuwa gwada wannan a gaban alƙali. A watan Fabrairu na 2021 wani fasinja ya biya Naira 500 kuɗin mota daga Obollo-Afor zuwa Inugu a tashar kamfanin Peace Mass Transit. Da ya gaji da jiran mota ta cika, ya nemi a ba shi kuɗinsa, aka ce ƙa'idar kamfani ita ce in an biya an biya. Ya kai ƙara, kuma a watan Afrilu na 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke hukunci cewa wannan ƙa'ida haramtacciya ce, ta umarci kamfanin ya biya shi diyyar Naira 500,000. Shari'ar kan kuɗin mota aka yi ta, ba kan tufa ba, amma dokar guda ce, kuma daga cikin sassan da kotun ta dogara da su har da wannan na 129.

Wani zai ce wannan dokar Abuja ce, ta 'yan boko, ba ta san yadda ake ciniki a Wunti ba. To, sai a koma ga abin da Wunti ta sani. Limamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, ya keɓe babi guda a cikin Muwaɗɗa kan mutumin da ya sayi tufa sannan ya tarar da aibi a jikinta, kuma abin mamaki, ainihin maganar yanka ita ce ya warware. Hukuncin ya kasu biyu. In mai sayarwa ya san da aibin ya ɓoye, aka kuma tabbatar da haka ta hanyar shaidu ko ta amsawarsa, to mai saye zai mayar masa da tufarsa ko da ya riga ya yanka ta, ya karɓi kuɗinsa, ba a kuwa bin sa ko anini saboda yankan. In kuwa mai sayarwa bai sani ba, shi ma haka ta zo masa, to zaɓi yana hannun mai saye: in ya so ya riƙe tufar a rage masa kuɗi gwargwadon abin da aibin ya rage mata, in ya so ya mayar da ita ya biya gwargwadon abin da yankan ya tauye. Har rini an yi maganarsa, watau yadda za a yi in mai saye ya rina tufar rinin ya ƙara mata daraja. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa kan fara da ita bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta hana algus da ɓoye aibi a ciniki, Muhtasar na Halil kuma ya bi rassan mas'alar dalla-dalla. Labarin da Muslim ya ruwaito na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tulin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma tsawata wa mai hatsin don bai fito da jiƙaƙƙen sama ba, babu mai zuwa masallacin Juma'a da bai taɓa jin sa ba. Hudar da aka naɗe a tsakiyar turmi da danshin da aka binne a ƙarƙashin tuli abu ɗaya ne.

Watau tun shekara fiye da 1,200 da suka wuce aka amsa wa mai cewa "an riga an yanka". Ko a hali mafi sauƙi gare shi, inda aka yarda bai san da aibin ba, ba a ba shi ikon ya kaɗa kai ya ce babu ruwansa ba. Abin takaici ne a ce mutumin da ke rufe shago ya tafi karatun magariba, ya zauna gaban malam ana fassara masa babin ciniki, shi ne da safe zai nuna wa ɗan'uwansa wata jimlar Turanci a ƙasan takarda, wadda shi kansa bai taɓa tambayar wanda ya ƙago ta ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk mai dawo da kaya ne ke da gaskiya ba, kuma masu shaguna suna da nasu labaran da za su bayar. Akwai wadda za ta sayi leshi, ta je gida kishiya ko ƙawa ta taɓe baki, gobe ta dawo da shi ta ce ba ta so. Wannan nadama ce, ba aibi ba ce. In mai shago ya karɓa ya kyauta, malamai suna kiran haka iƙala, suna kuma kwaɗaitarwa a kanta, amma ba a tilasta shi. Akwai wanda zai jiƙa shadda mai launi cikin ruwan bilic, ko ya manta da dutsen guga a kanta, sannan ya zo yana ɗaga murya. Akwai wanda ya ga aibi tun ranar Salla, ya sa rigar ya yi Idi da ita, ya yi hawan Daushe, ya yi ziyarar surukai, sai da aka sha biki uku sannan ya tuna da haƙƙinsa. A fiƙihu ci gaba da amfani da abu bayan an ga aibinsa alama ce ta yarda. Haka nan wanda aka gaya masa ƙarara cewa wannan yadin na Sin ne, ga kuɗinsa, ga kuma na Getzner can kuɗinsa ya ninka sau da yawa, ya zaɓi mai araha da idonsa, ba shi da bakin cewa an cuce shi don bai yi ƙarko kamar wancan ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai shiga layin 'yan gwanjo ya san riga ta taɓa wuyan wani, iyaka dai dokar 2018 ta wajabta a bayyana cewa kayan na hannu ne, kada a goge a sa a leda a ce sabo. Ba ma kowace zubar launi ce aibi ba: rawanin ɗan Kura, wanda marinan ƙasar Kano ke rinawa su buga, shuninsa yakan kama goshin mai shi, kuma mai saye ya san haka, don shi ma ya saya. Al'ada da abin da aka faɗa a lokacin ciniki su ne ma'auni. Laifin da ake magana a kai shi ne a ce wa mutum Holan a ba shi kwaikwayonta, a ce masa shida a ba shi biyar da rabi, a ce masa ba ta zuba alhali tana zuba.

Amsa ta uku, "mu ma haka aka ba mu daga Kwari", ita ce mai ɗan nauyi, kuma ta cancanci a saurare ta. Yawancin masu shagunan yadi a Bauci 'yan sari ne. Sukan yi tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Kantin Kwari a Kano su ɗauko kaya, wani da kuɗinsa, wani bashi, ribar da ke kan turmi ɗaya kuwa ba ta kai ta rufe asarar turmin ba in an dawo da shi. Na Kwarin shi ma daga wani ya karɓa, wanda ya yi oda daga Sin ko Dubai, ko aka shigo masa da dila ta kan iyaka. A da ba haka sarƙar take da tsawo ba. Lokacin da masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta soma aiki a 1957 zamanin Sardauna, da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles ke aiki a Kakuri, ɗan kasuwa ya san wakilin kamfani, ya san ƙofar masaƙa, in bandir ya zo da lahani akwai wanda za a riƙe. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Yau wanda ya saƙa yadin, ya cika shi da sitaci, ya buga masa tambarin Vlisco ko na Getzner na jabu, yana wata nahiya, ba wanda ya san sunansa a Wunti. Zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Wannan uzuri ne na a tausaya wa ɗan sari, amma ba hujja ba ce ta a ɗora asarar a kan mai saye. A cikin dukan mutanen da yadin nan ya bi ta hannunsu, mai saye shi ne mafi ƙarancin sani kuma mafi rauni. Mai shago ya shekara yana taɓa shadda, da yatsa biyu yake bambance ta gaske da ta jabu, shi ya zaɓi wanda zai sara a wurinsa, shi ne kuma zai koma Kano makon gobe. Saboda haka hanyar da asara ya kamata ta bi ita ce hanyar da kayan suka biyo, ta koma baya daga mai saye zuwa mai shago, daga mai shago zuwa babban dila, daga shi zuwa wanda ya shigo da su. A nan akwai giɓi, domin dokar 2018 mai saye don amfanin kansa take karewa, ba mai saye don ya sayar ba. Ɗan sarin Bauci sai dai ya dogara da dokar ciniki ta gama-gari, da fiƙihu, da kuma ƙarfin ƙungiyarsa. Shi ya sa aikin farko yana kan shugabannin 'yan yadi na Wunti da Babbar Kasuwa: su zauna da takwarorinsu na Kantin Kwari su ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa duk turmin da aka dawo da shi saboda aibi na asali, dila zai karɓa. Ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya tilasta wa mai gidansa na Kano ba. Kasuwa guda in ta haɗa baki za ta iya. Ranar da mai shigo da jabu ya ga kayansa suna dawo masa dila-dila, ranar zai canza oda.

Shi kuwa mazaunin Kudu, wanda dominsa ake wannan magana, matsalarsa ta ninka ta kowa. In a Ikko ya saya ya aika, tsakanin shagon da telan akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuɗin mayar da turmin kan kusa cinye turmin. In kuɗi ya aika, cinikin biri a sama ya yi, bai ga kaya ba, wanda ya aika kuma yaro ne mai jin nauyin Alhaji. Mafi muni shi ne kayan lefe. Saurayi yakan shekara yana tara turame ɗai-ɗai yana jefawa a akwati, a kai gidan amarya, a nuna wa dangi, a rufe. Kafin amarya ta kai na biyar wurin tela, wata ukun da doka ta bayar ta daɗe da wucewa, rasiɗi ya ɓace, wataƙila ma an manta shagon da aka saya. Sai abin ya zama gori tsakanin dangi biyu: an kawo mata lefen jabu. Aure nawa ne ya soma da irin wannan tabo, alhali angon da kuɗin gaske ya biya?

Maganin wannan ba mai tsada ba ne, kunya ce kawai ke hana shi. Bahaushe yana ganin neman rasiɗi wurin wanda suke salla sahu ɗaya kamar tuhuma ce, warware turmi a auna a gaban mai shago kuma kamar ƙaryata shi ne. Amma doka ta ba mai saye ikon duba kaya kafin ya biya, ta kuma ɗora wa mai sayarwa ba da shaidar ciniki a rubuce. A warware turmin a bakin ƙofa inda haske yake. A auna shi nan take, domin in an bari sai a wurin tela, mai shago zai ce tela ne ya rage ƙyalle, tela ya ce haka aka kawo masa, kuma ba a rasa mai irin wannan hali a ɓangarorin biyu. A sa mai shago ya rubuta sunan yadin da adadinsa da kwanan wata, ba "kaya" kawai ba, domin wanda ya rantse da baki cewa Holan ce yakan yi jinkiri in an ce ya rubuta. Mai aiko da kuɗi daga Kudu ya ce a ɗauki hoton rasiɗin da waya a tura masa. Teloli kuma, waɗanda su ne idon ƙarshe kafin asara ta tabbata, su mayar da shi al'ada su shimfiɗa yadi gaba ɗaya su jiƙa gefensa kafin su ɗauki almakashi, ko da kuwa daren Salla ne aiki ya yi musu yawa.

In an yi duk wannan mai shago ya ƙi, ƙofofi ba su rufe ba. Akwai shugaban layi da sarkin kasuwa, waɗanda tun asali sasanta irin wannan rigima ce aikinsu. Akwai kotunan Shari'a na jihar, masu hukunci da mazhabar Malikiyya, inda alƙali ba ya buƙatar a fassara masa babin da aka ambata a sama. Wanda ya yi sayayyarsa a Ikko yana da hukumar kare masu saye ta jihar, LASCOPA, da kotunan ƙananan da'awa da aka buɗe a 2018, inda mutum ke iya tsaya wa kansa ba lauya. Abin da ya fi ba da mamaki kuwa shi ne ofishin FCCPC mai kula da shiyyar Arewa maso Gabas a cikin garin Bauci yake. A tsaya a ƙofar Wunti a tambayi masu fitowa da ledar atamfa ko sun san da shi. Hukumar da talaka bai san ƙofarta ba, wadda dokarta ke cikin Turancin lauyoyi, ba ta gama aikinta ba. Sassan dokar da suka shafi mai sayen tufa ba su wuce shafi biyu ba in an fassara su da Hausa. A fassara, a liƙa a kowace ƙofar kasuwa, a karanta a gidan rediyon jiha a watan Sha'aban da na Zulƙida, lokacin da ake sayen kayan Salla, a kuma aika wa sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu su sa a karanta bayan sallar Juma'a.

Ba ana kira ne a dawo da bulala kasuwa ba. Masu shekaru suna tune da 1984, lokacin da sojoji suka riƙa fasa shaguna suna tilasta sayar da kaya a farashin gwamnati. Kayan ɓuya suka yi, suka koma bayan kanta da tsada. Rufe shagon ɗan sari mai turmi talatin a kira 'yan jarida su ɗauki hoto ba zai hana jabu shigowa ba. Abin da ake nema ƙa'ida ce sananniya wadda mai shago da mai saye suka sani tun kafin a taya.

Akwai kuma abin da bai kamata a rufe ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba masu saye kaɗai ba ne. Su ne masu rumfunan yadi da huluna da jallabiya a Agege da Obalende da Ama Hausa ta Owerri, su ne masu yawo da shadda a kafaɗa ofis-ofis a Fatakwal. Bayarabe ko Ibo da ya sayi yadi goma a hannun Malam, don ya ji an ce Bahaushe ba ya ƙarya a ciniki, in ya dawo da shi ya zuba, wata ukun nan nasa ne shi ma, hukuncin Limamu Malik kuma bai tambayi garinsu ko addininsa ba. Mutumin da ya buga waya Bauci da safe yana faɗa a kan an ƙi karɓar shaddar 'ya'yansa, da yamma za a iya tsayawa a gaban tasa rumfar da irin wannan leda a hannu, a ce masa, "Malam, ga yadin da ka ba ni."